Takardar Rabi da haraji bai taɓa ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar Rabi, kuma har yau ita ke yi wa jikarmu kayan Sallah. Ni da nake raye, nake yi wa yarinyar wanka da kitso a wannan bene na unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur, ba a ambatona rabin yadda ake ambatonta. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini kalma.

Tare muka sayar da atamfa a Kano, rumfa jikin rumfa. Na girme ta, na fi ta baki, na fi ta ciniki, kowa ya sani. Ɗana ya auri 'yarta, karatu ya kawo su Kuala Lumpur, ni kuma reno ya kawo ni.

Wata rana wata ma'aikaciyar banki ta shigo layinmu da bayanin takardar gwamnati, wai sukuk. Ka zuba kuɗi a yi titi, duk wata shida a ba ka riba, kuma ba a yankar haraji a kanta. Nan na tsayar da ita. Na ce gwamnatin da ke turo mini masu rasit tun ban gama shara ba, ita ce yau ba ta son komai? In ba ta yanki kaɗan ba, to duka take shirin ɗaukewa. Na kore ta. Rabi ta bi ta har bakin titi.

Da ta dawo ta ce, "Yaya, ki sa ko kaɗan ne."

Na ce, "Sa naki. In sun cinye, zo in rufa miki asiri da turmi biyu."

Na ƙara rumfa, masu haraji suka ƙara rasit. Da gwiwa ta gaza na sayar da duka. Takardar Rabi kuwa 'yarta ta gada, ribar na shigowa ba a gutsire mata ko kwabo ba.

Da Rabi za ta ga yadda ribar nan ke tsukewa in an canza ta zuwa kuɗin ƙasar nan, da ta riƙe baki. Da ƙyar take yin riga da takalmi a kantunan Masjid India. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Amma sai uwar yarinyar ta miƙa mata ledar kayan ta ce, "Ummi, Hajiyarki ce ta aiko." Ummi kuwa sunan Rabi ta ci. Ta ƙanƙame ledar nan har cikin jirgin ƙasa, ko ni ba ta bari in riƙe mata.

Kwanaki ɗana ya ce yanzu ana yankar haraji a kan gajerun takardu. Na gyara zama.

"Har ta Rabi?"

"A'a Inna, tata doguwa ce, ba a taɓa irinta ba."

Kun ji fa. Tana kabari, doka na kewaye ta.

Washegari na zare warwarona biyu na zinariya, na ce ya sayar ya saya mini irin tata. Na kira Ummi na ce daga baɗi ni ma gwamnati za ta riƙa kawo mata saƙona.

Yarinyar ta yi tsaye tana kallona. Ashe a wurinta kakar da ta mutu ce kaɗai ke aike ta hannun gwamnati.

"Kaka, ke ma tafiya za ki yi?"

Ta faɗo jikina tana kuka, rabi Hausa rabi yaren mutanen nan, wai ba ta son rigar, in fasa.

Rabi, kin fi ni hangen nesa, yau na faɗa a jarida kowa ya ji. Kin bar abin da ke ambatonki duk wata shida, Allah ya kai haske kabarinki. Amma hawayen da suka jiƙa zanena ranar nan, nawa ne ni kaɗai.