Tambayar da Malama Ta Ba Ni Tun Jiya

Ina da in'ina tun ina ƙarama, shi ya sa a ajinmu na ƙaramar sakandare, can wajen Gidan Dahala, na zaɓi bencin baya kusa da taga. Idan ana muhawara sai in sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Malamai sun saba, ba mai taɓa ni.

Sai aka kawo mana wata sabuwar malama, doguwa, mai yawan dariya. Ran nan an tashi ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, gobe zan tambayi aji mi ka sa mutane barin ƙauye su dawo birni. Ke zan fara kira. Tahi gida ki yi tunani, ba jarabawa ba ce."

Da na isa gida na tarar da kakata tana tsinke yakuwa, na zauna gabanta ina ta maimaita amsata. Ta ce, "In harshen ya maƙale, tsaya ki numfasa. Ba wanda ka korar ki."

Washegari Malama ta kira ni. Na miƙe, kalmar farko ta ƙi fita. Wata ta fara ƙyalƙyala, Malama ta ɗaga hannu kawai, ko kallonta ba ta yi ba. Ta jira ni, ba ta ƙarasa mini ko kalma ba, har na kai ƙarshe: asibiti da makaranta ne ke jawo mutane.

Wata mai baki a bencin gaba ta ce ƙarya ne, gudun noma ne kawai. Ban san lokacin da na sake miƙewa ba.

"Ba-babana kullum sai ya tahi gona Dundaye! Don karatunmu muka dawo!"

Wannan kam ban shirya ta ba. Aji ya kaure da musu, Malama na tsaye jikin allo tana dariya, ta ƙi raba mu.

In'inar ba ta bar ni ba har yau. Amma daga wannan zangon nakan ɗaga hannu, wani lokaci ma Malama ta ce, "Haƙura, bari wasu su samu."