Rakiyar Baba Sidi a Motar da Ba ta Riƙe Silo

Maamobi, kafin asuba

Baba Sidi mai ɗinkin hula, maƙwabcina, ya rasu a asibiti ranar Talata da yamma. Ni ke tuƙa a-kori-kurar masallacinmu, wadda jama'a suka saya don ɗaukar gawa, saboda haka ni aka ce in ɗauko shi. An sa jana'iza washegari bayan azahar a unguwar Nima, nan cikin Akara. Na fito tun ladan bai yi kiran farko ba, tare da Haruna, babban ɗan mamacin.

Ina murza makulli motar ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Raina ya ɓaci, domin makon jiya na kai wannan ƙarar wurin Alhaji Ɗanlami, shugaban kwamitin masallaci. Shi ya karɓi makullin ya ba surukinsa, wai makanike ne, aka dawo mini da ita aka ce an sa sababbin fulogi. Na danna totur, ta daidaita. Na ce wa Haruna sanyin safiya ne, muka kama hanya.

Daga asibiti zuwa Kotobabi

Asibitin yana can bayan Alajo. Hantsi ya yi kafin aka ba mu gawar. Muka shimfiɗe Baba Sidi a makara, Haruna ya zauna a baya yana riƙe da ita.

Muddin muna gudu, lafiya lau. Amma wa ke gudu a Akara da safe? Cunkoso ya riƙe mu, duk inda na tsaya sai injin ya fara sarƙewa, sitiyari na rawa a hannuna. Birki kuma ya yi tauri kamar ina taka dutse. A danja ta farko motar ta mutu. A ta biyu ma haka. Direban torotoro, motar haya, da ke bayanmu ya danne oda yana zagi da yaren Tiwi, har sai da fasinjojinsa suka hango makarar suka tsawatar masa. Na duba madubi na ga Haruna ya kwanta a kan mahaifinsa don kada makarar ta zame. Dattijon da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, yau shi ake jijjigawa a titi kamar buhun gawayi!

A gangaren Kotobabi birki ya kusa ƙi mini gaba ɗaya. Da ƙyar na gangara gefe, gaban garejin wani Badagombe, Masta Yakubu.

Garejin Masta Yakubu

Yana ganin abin da muka ɗauko ya ajiye kokonsa, ya sa aka kafa mana tamfol don inuwa. Ya buɗe bonet ya ce in bar ta a silo, wato injin na aiki ba tare da na taka totur ba. Ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, kowace ya zare sai injin ya ƙara sarƙewa.

"Wuta yana zuwa duka," in ji shi da Hausar Zango. "Amma fulogin nan tsoho ne. Wa ya ce maka sabo?"

Ya kara kunne kusa da injin ya ce in saurara. Sai na ji wani siririn huci, kamar na maciji. Ya ɗauko ledar ruwa ya riƙa fesawa a kan tiyoyin. Da ruwan ya sauka kan wani tiyo mai kauri, sautin injin ya canza nan take.

"Ga shi nan, Malam. Motan ka yana shan iskan banza. In kana gudu ba ya damu, in ka tsaya iska ya fi mai yawa. Kuma tiyo nan shi ne ke taimakon birki."

Ya jawo shi waje. Tiyon ya tsage tsawon yatsa, an naɗe shi da baƙar leda, an bi da salatif. Wannan shi ne gyaran surukin Alhaji! A motar da ke ɗaukar gawa da masu rakiya, tiyon birki aka ɗaure da ledar cefane.

Masta Yakubu ya yanko sabon tiyo ya ɗaure da kilif, ya wanke baƙin daskararren datti a bakin totur, ya goge fulogin ya ce za su kai mu yau, gobe a canza. Na tayar. Motar ta tsaya cak ba kakkarwa, sai numfashi a hankali. Haruna ya fashe da kuka a lokacin, bai yi ba tun asibiti.

Nima da Madina

Mun iso Nima ana tada sahun azahar. Aka yi wa Baba Sidi wanka a gurguje, aka sallace shi. Alhaji Ɗanlami ya tare ni yana cewa na makarar da jama'a. Na ciro tsohon tiyon daga aljihu na ɗora masa a tafin hannu, a gaban liman.

"Alhaji, ga sababbin fulogin surukinka."

Ya juya shi ya ce, "To ai kun iso, Allah ya rufa asiri."

"Allah ya rufa, amma ba da wannan ledar ba. Wata rana kai ma motar nan za ta ɗauka."

Liman ya riƙe hannuna, ya ce daga yau gyaran mota yana wuyana, ba na kwamiti ba. Daga nan har maƙabartar unguwar Madina, duk da cunkoso, ko sau ɗaya motar ba ta yi tari ba. Muka rufe Baba Sidi la'asar sakaliya.

Gida

Na shigo Maamobi ana kiran magariba, na biya in yi wa Iya Hajara, matar mamacin, gaisuwa. Ta ce, "Ɗana, bai dai wahala a hanya ba ko?"

Na nemi abin da ba ƙarya ba. Na ce, "Iya, tun daga Kotobabi barci ya yi ta yi."

Ta ɗaga hannu ta sa mini albarka. Na ce ta haɗa da Masta Yakubu, domin shi ya fi cancanta. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya jiƙan Baba Sidi, ya yafe mana jijjigar da muka yi masa.