Wa ya canza min salansar babur?

Jama'ar guruf, ku ji abin da ya same ni yau!

Da safe na kai babur ɗina kamfanin da na saye shi, injin yana zafi. Watansa huɗu kacal, garanti na nan. Injiniyan ya duƙa ya leƙa, ya ɗago yana min wani kallo.

Ya ce, "Ya akhi, wannan salansar ba tamu ba ce. Tunda an canza ta, garanti ya mutu. Kuma in 'yan murur, wato 'yan sandan hanya, suka ji ƙarar nan, tara ce."

Na ce wallahi ban taɓa ta ba! Ya nuna min notunan, sababbi fil!

Sai na tuna. Makon jiya Habu maƙwabcina a unguwar Mansur ya ari babur ɗin, wai zai je Aziziyya. Ya dawo da shi yana ruri kamar janareta, ya ce ai man da ya sha ne.

Nan take na kira shi. "Habu, ina salansata?"

"Wace salansa? Ina masallaci, sai anjima."

Masallaci? Ga ƙarar guduma ina ji a bayansa!

Yanzun nan na duba, Habu ya fice daga guruf ɗin nan!