Ƙarar Cokali a Teburin Mai Shayi

Da can, idan ɗan dako ya gaji a kasuwar Malanville, goro yake nema. Ya tsaga ɗaya, ya tauna rabi, ya koma ƙarƙashin buhun albasa. Yanzu ƙwaya ce, wadda suke kira tramol, kuma ba sai an je nesa ba. Wasu masu shayi a cikin kafe, wato gahawa, suke narka ta, su juya da cokali, su miƙo wa mutum kamar ba komai. Na zauna Kumasi, na zauna Abijan, na yi shekaru a Sudan, ko'ina na ga abin da masu aikin ƙarfi ke sha don su manta da gajiya. Ban dai zaci zan dawo gida in tarar da shi a jikin ƙanena ba.

Ƙanen nan nawa dako yake yi, ya kusa hamsin. Ranar da ya faɗi a gindin babbar mota yana kumfar baki, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta haye kogi zuwa gidansu a Gaya. Ni na je biko. Wanta ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da ni da Zabarmanci: "Alhaji, mun ji ya rantse. Rantsuwarsa ba ta ishe mu ba. In an yanke shinkafa, ka dawo ka faɗa mana da bakinka cewa ya bari, sai ta koma. In ba mu gan ka ba, mun gane."

Tun daga ranar na zama jandarma a gidanmu. In ya shigo, idonsa nake fara dubawa kafin in amsa sallama. In ya rataye riga ya shiga wanka, sai in shafa aljihun. Ban samu komai ba, kuma rashin samun ya ƙara mini zargi, don na san mai sha ya fi mai bincike dabara. Sannan na lura da wani abu. Daga gidanmu zuwa inda ake lodin albasa tafiya ce kaɗan, amma kullum yana isa a makare, ƙafarsa da laka. Na ce a raina, ya samu wani mai sayarwa a bakin ruwa.

Wata safiya na bi shi daga nesa. Bai bi titi ba. Ya ratsa bayan gidaje, ya gangara gefen fadamar shinkafa, ya yi doguwar kewaya, ya ɓullo kasuwa ta baya. Bai tsaya wurin kowa ba. Kwana uku ina binsa. A na ukun ya juyo ya jira ni.

"Yaya, tsufa ya sa ka koma farauta? Tun shekaranjiya nike jin tarinka."

"Mi kake nema ta nan?"

"Ba nema nike ba, gudu nike."

Na ce ya yi mini magana sosai. Ya ce teburin mai shayin da ya saba yana bakin titi, ba yadda za a bi ta can ba a wuce shi ba. Ya ce ba ganin ƙwayar ke kama shi ba, ƙarar cokalin nan ce a cikin kofin gilashi. Da ya ji ta, yawu ya cika masa baki, tafin hannunsa ya jiƙe, ƙafarsa ta juya da kanta kafin ya yi tunani.

Ban yarda ba. Na ɗauka wata sabuwar ƙarya ce, mai kyan tsari. Sai da na je awon jini na tambayi likitan da ke duba ni kan zancen cokalin nan, ban ce ƙanena ne ba. Ya ce mini akwai wurin da ke cikin ƙwaƙwalwa da ke koya wa mutum komawa ga abin da ya ji daɗinsa, kamar abinci da ruwa. Ƙwayar tana bugun wurin nan da ƙarfin da abinci ba ya yi, har ƙwaƙwalwa ta haɗa daɗin da duk abin da ke kewaye da shi: wurin, ƙamshin, ƙarar. Ya ce jiki yana iya rabuwa da ƙwayar, amma wannan karatun ba ya gogewa da wuri. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai da na hana ka goro, in ka wuce masu goro suna yayyafa wa ganye ruwa, me kake ji?"

Shekara da shekaru ban tauna ba, amma har gobe ina haɗiyar yawu a wurin.

Duk da haka ban daina shafa aljihun ba. Da aka yanke shinkafa na haye Gaya. Wan matar ya ce, "Ya bari?" Na ce, "Ban gan shi ya sha ba, kuma na nema ƙwarai. Amma abin yana kiransa, shi kuma yana kewaye masa ta fadama. Iyakar abin da zan iya shaida ke nan." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce gara wannan da rantsuwa. Bayan sati guda ta dawo da 'ya'yan.

Har yau ƙanena bai sake bin titin nan ba. A gidanmu kuma an kwashe kofunan gilashi, da na roba muke shan shayi, kuma ba mai juya sukari da cokalin ƙarfe.