Ƙunshin Bayan Ƙofa

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ban iya rubutu ba, malamin makarantar garinmu ne ke rubuta mini, yana ta cewa in share hawaye ya ji abin da nake faɗa.

Lokacin da aikin noman rani ya zo mana, shekarata biyu da fita takaba, daga ni sai ɗana guda da gonar da ubansa ya bar masa. Amma bari in fara da mahaifiyata. Tana yarinya aka ƙarar da mutanen garinsu a wuni ɗaya, ita ta tsira a cikin rumbu. Har ta rasu ba ta faɗi sunan garin ba. Ta dai ce kafin ranar, wasu baƙi sun zagaya garin suna kafa alama. Kullum akwai ƙunshi a bayan ƙofarta, zane ɗaya da garin gero, saboda gudu. Ni ban ga komai ba, amma da aka kai ni ɗakin miji sai da na ɗaure nawa.

Ranar da na ga ma'aikata suna kafa turaku masu jan kai a gonarmu, sai na tuna da baƙin nan masu kafa alama. Ɗana ya yi ta yi mini bayani, wai baje ƙasa za a yi a ja hanyar ruwa, a mayar wa kowa rabonsa inda turkensa yake. Na ji shi, har na gyaɗa kai. Yana tafiya kasuwa na tumɓuke su duka na cusa a murhu. Sannan na ce in bai kai ni Kumbotso ya zauna tare da ni ba, ban yafe masa nonona ba. Wata uku na riƙe shi a can.

Da muka dawo an gama rabo. Ba turke, ba mai gona, sai aka tura shi can ƙarshe inda ruwa ba ya kaiwa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Inna, wai wa ya kore mu?" Yanzu ƙwadago yake yi a gonakin tumatir a Kadawa.

Ban san ko laifina ne ba, ko na mahaifiyata, ko na mutanen da ban taɓa gani ba. Kwanan baya na je ɗakin jikata amarya, na tarar da ƙunshi a bayan ƙofarta. Ta ce ai al'adar gidanmu ce. Iyaye mata, wadda ta yi gadon tsoro ta gaya wa 'ya'yanta inda ya samo asali tun tana da baki. Ni na miƙa hannu zan kwance nata, hannun ya ƙi.