Rabin Maganar Mushe Lawali

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Lawali makwancinsa a ƙauyenmu da ke kudu da Gazawa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don addu'a ta fi masa amfani da surutuna. Bana dole ta sa na ɗauki alƙalami, saboda na ji ana yawo da sunansa a bakin mutanen da ba su taɓa sauraronsa har ƙarshe ba lokacin da yake raye.

Malamin lissafi ne a lise, wato babbar sakandare. Kowa Mushe Lawali yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, har mahaifiyarmu idan tana son tsokanarsa. Ni aikin jinya na yi, lissafina bai wuce awon magani ba. Abin da ya fi ƙauna a fanninsa shi ne wanda suke kira ekwasiyon diferansiyel, shi kuma da Hausa yake ce masa lissafin canji. Ya ce a wannan lissafi ba yawan abu ake gaya maka ba, saurin canjawarsa ake ba ka, kai kuma ka gano inda zai kai. Shayi mai zafi yana saurin hucewa, yana hucewa saurin yana raguwa. Randa mai huji a gindi tana tsartuwa da ƙarfi idan ta cika, ruwan yana yin ƙasa ƙarfin yana mutuwa. Da wannan hanya, in ji shi, ake sanin tafiyar wata, da yaɗuwar annoba, da yadda allurar da nake yi wa mutane take raguwa a jininsu. Nakan gyaɗa kai kawai, don rabi nake ganewa.

Lawali ba ya yarda da labari mai daɗi. Ka ce masa abu yana da yawa, sai ya tambaye ka, ƙaruwa yake yi ko raguwa? Da hutu ya zo sai ya ɗauki igiya ya bi rijiyoyin lambun fadamarmu yana auna ruwa, da rani da kuma bayan damina, shekara da shekaru. Mutane suka sa masa ido. Wasu suka ce gwamnati ce ta turo shi za a sa wa rijiyoyi haraji, wasu suka ce wani abu yake nema a ƙarƙashin ƙasa. Har wata tsohuwa ta riƙa rufe rijiyarta da zana idan ta hango shi. Abin yana ba shi dariya, ni kuwa haushi yake ba ni.

Da injinan ban ruwa suka fara shigowa, tsoro ya kama masu guga, maigari ya kira shi ƙofar gida ya yi wa jama'a bayani. Ina zaune a gefensa ranar. Ya ce: "Ruwanga zai kai jikokinmu, in dai abin da muke ɗiba bai wuce abin da damina ke maidowa ba. Yadda muke yanzu, ba mu wuce ba. Ranar da aka canza yadda ake ɗiba, lissahin nan nawa ya tashi aiki, sai a zamna a sake wani." Ana jin jikoki aka fara hamdala ana kaɗe riguna. Sauran maganar kusan ni da maigari kaɗai muka ji ta, shi ma maigarin ya riga mu gidan gaskiya.

Yanzu ga inda muke. Babban ɗan Lawali, Sanusi, wanda a hannuna ya gama girma, yana fataucin albasa zuwa ƙetaren iyaka. Ya haɗa hannu da wani Alhaji, sun haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, mai zurfi a kan fadama, sun jera fanno, allunan nan masu aiki da hasken rana, injin zai ja ruwa tun fitowar rana har faɗuwarta don wata ƙatuwar gonar albasa. Masu ƙananan rijiyoyi sun damu, musamman tsofaffin matan da ƴan fangalin zogale da salati ne cefanensu. Duk wanda ya ɗaga murya, amsa ɗaya ake ba shi: Mushe ya lissafa, ruwa zai kai jikoki. Har an ce sunansa za a rubuta a jikin tankin ruwan foraj ɗin.

Ban ce ɗan yayana macuci ne ba. Amma akwai abubuwan da suka ƙi kwanta mini. Sun ce masu haƙar sun tabbatar ruwan can ƙasa daban yake da na rijiyoyinmu. Mai yiwuwa ne, ni ban sani ba. To in haka ne, me ya sa ba wannan hujja ake kai wa mutane ba, sai sunan mamaci? Makon da suka gwada injin, igiyar rijiyar maƙwabciyarmu ta kasa taɓa ruwa. Aka ce rani ne. Ƙila ranin ne. Sai dai a makon nan ne kuma Alhaji ya fara aikawa a tambayi masu lambu ko akwai mai son sayarwa, ni kuwa ban san mai sayen lambun da ya tabbata ba za a rasa mai sayarwa ba sai wanda ya hango rijiyoyin za su ƙafe.

Na kira Sanusi gida na faɗa masa maganar mahaifinsa cikakkiya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Idi, ni abin da gari duka ya ji shi na riƙe. Kai kaɗai ka ji sauran?" Tambayar ta yi mini ciwo, don na gane shi ma zargina yake yi. Na ce a dakata a auna rijiyoyi shekara guda da injin yana aiki, in ba su motsa ba ni zan rubuta sunan da hannuna. Ya ce albasa ba ta jiran shekara. Ranar Juma'a bayan an sauko, na maimaita maganar a gaban sabon maigari da jama'a. Sanusi ya tashi ya fita kafin in gama.

Da Lawali yana nan, na san ba zai ƙi fanno ba. Zai zagaya su yana murna, ya dami masu haɗa su da tambayoyi. Amma ba zai bari a ɗauki amsar da ya fitar don masu guga a liƙa wa injin da ba ya hutawa ba. A wurinsa amsa ba ta rabuwa da sharaɗinta, kuma wanda ya raba su ya yi ƙarya ko da kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce.

Ina ta tunanin abin da ya rage na mutumin nan. Sunansa ya rage, kuma na ga suna yana da sauƙin ɗauka, kowa yana iya kai shi inda yake so. Halinsa na tsayawa a tambaya shi ne mai nauyi, kuma da alama ni aka bar wa shi, ni da ban taɓa iya lissafinsa ba. Ina kewarsa, kuma ina jin tsoron in rasa ɗansa saboda shi. Duk da haka ba zan janye ba, don matan nan ba su da wata rijiya.

Matar Sanusi ta haihu makon jiya, namiji. Ni ne ya kamata in zauna a mazaunin uba ranar suna. A bakin wani ɗan kabu-kabu a tashar Gazawa na ji an sa wa yaron Lawali.

Allah ya raya shi, ya jiƙan mai sunan.