Muryar da ke Cikin But

Mun tashi daga Apo ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, direbanmu, da wata malama makauniya da ke koyarwa a makarantar yara makafi da za mu je, can gaba da Ushafa. Kayanmu kwamfutoci ne goma sha ɗaya da wani ofishi ya gama yayinsu ya ba da sadaka. Mako uku na yi a shago ina fama da su, in ciro kayan wannan in dasa wa waccan, har suka tashi. Kowacce na sa mata manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya. Kafin mu loda, malama ta gwada laftof ɗaya, ta ƙara wa muryar gudu yadda ta saba, har ni ba na gane ko kalma. Na rufe murfin, muka naɗe laftof shida da tsofaffin barguna muka sa a but ɗin mota, manyan kuma muka jera a kujerar baya kusa da ni.

Motar kuwa, ku bar ta kawai. Bakaniken da ya duba ta ya ce lafiyarta lau, but ɗin ne kawai sai an lallaɓa shi. Idan bakaniken Apo ya ce maka "kawai", to ka fara addu'a.

Titin Kubwa sumul, ba mu sha wahala ba sai a mahaɗar Dutse, inda 'yan acaba da masu keke suka cakuɗe kamar ana rabon kyauta. Nan muka sayi ƙosai, uku ɗari biyu, kowanne bai fi goro ba. Muna hawa hanyar Bwari hira ta mutu. Duwatsu da ciyayi sun yi kore shar, gwanin kyau, amma kowa a motar ya san labaran satar mutane da ake ji daga wannan yanki. Direba ya kashe rediyo. Ko tukwanen Ushafa da aka jera a bakin hanya ban iya tsayawa kallo ba.

A bakin wani ƙauye muka tarar 'yan banga sun gitta katako mai ƙusoshi. Direba ya kashe mota, muka gaisa. Da injin ya yi shiru, sai ga murya daga baya. Muryar mace, siririya, tana zuba magana da sauri kamar wadda aka shaƙe.

Nan take na gane abin da ya faru. Al'adata ce idan ina gwajin batir in hana kwamfuta yin barci ko an rufe murfinta. Wadda malama ta gwada ban kashe ta ba, ga shi jijjigar hanya ta sa murfin yana danna maɓallai.

"Oga, wane ne a cikin but?" in ji shugabansu da Hausarsa ta koyo. "Mace ne! Buɗe!"

Na ce kwamfuta ce. Wallahi ni kaina da na ji amsar a kunnena, ban yarda da ita ba. Direba ya sa makulli, ya murɗa, ya lallaɓa, ya daka. But ya ƙi. Wani ya kwarma ihu, "Kidinafa! Masu satar mutane!" Kafin in haɗiye yawu an kewaye mu: masu kayan miya, 'yan acaba, leburori da shebur. Aka finciko ni aka durƙusar a ƙasa. Wani mai jar riga ya zo da gorar fetur irin ta 'yan bumburutu, ya tsaya a kaina yana kwance murfin. Na ji warin. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kalmar shahada ma sai da na yi ta sau uku kafin ta fito daidai.

Malama ta fito da farar sandarta, ta dafa mota har ta kai baya, ta kara kunne. Ita kaɗai ce ke gane wannan gudun. Ta ce, "Bayin Allah, cewa take batirinta ya kusa ƙarewa." Ba ta rufe baki ba muryar ta ɗauke ɗif.

"Ta mutu!" in ji wata mata, ta ɗora hannu a ka.

Wani mai facin taya ne ya cece mu. Ya kutso da ƙarfen cire taya ya ɓalle but ɗin. Aka yi ta zazzage barguna, babu kowa sai kwamfutoci. Duk da haka ba a sake ni ba, don wani ya ce ai matsafa suna iya mayar da mutum komai. Malama ta ce a miƙo mata wata mai caji. Ta zauna a bakin but, ta kunna, ta rage gudun, yatsunta suka bi maɓallai ba ko rawa. Sai kwamfuta ta ce "Sannunku da aiki" da irin Hausar Baturen da ya kwana biyu a Kano. Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Ni dai ban yi ba.

Muna ɗaure but da igiya mai jar riga ya matso, gorar na hannunsa har yanzu. Bai kalle ni ba. Ya ce da Hausarsa ta koyo, "Malama, ni ma ina da yarinya, ba ya gani. Shekara tara, yana gida kawai. Wannan abu zai yi masa magana?" Ta kwatanta masa makarantar dalla-dalla, kamar ba abin da ya faru.

Mun isa da hantsi. Yara suka yi ta shafa kwamfutocin, ɗakin ya cika da muryoyi. Aka kawo mana shinkafa da wake, na kasa ci. Direba ne ya jona wayoyin ina faɗa masa.

La'asar sakaliya muka dawo Apo lafiya. Abin da na koya: in kashe kwamfuta da hannuna kafin in loda, in ɗauki takarda daga makaranta, kuma kada in ƙara shiga motar da but ɗinta ke buƙatar lallashi. Shekaranjiya malama ta kira ni. Mai jar rigar nan ya kai 'yarsa, an karɓe ta, amma kwamfutocin sun yi kaɗan, tana roƙon in samo ƙarin ɗaya. Gaskiya ban yafe masa ba tukuna, har yau ina jin warin fetur in zan yi sujada. Amma ga wata tsohuwar laftof nan a kan teburina, na riga na kwance ta don in gyara.